Ido ne ko kunne? Gardama a kan farautar mujiya cikin duhu

Abbakar: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu ilimin halittu na wannan zaure. Jiya mun kwashi gardama da wani abokin karatuna, wai shi a dole mujiya za ta iya cafke ɓera a ɗakin da babu ko ɗigon haske, kuma da kunne kawai. Na ce masa haba, to waɗannan dara-daran idanun na ado ne? Wa ke da gaskiya tsakaninmu?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Kai ke da gaskiya, ɗana. Gani ya kori ji. Tsuntsun da idanu suka cinye masa rabin fuska ba zai tsaya dogaro da kunne ba. Kunnen ma ina yake, in ba waɗancan 'yan tukkaye biyu na saman kai ba?

Malama Rabi: Malam Habu a yi haƙuri, a nan kam abokin Abbakar ne ya ci. Tukkayen nan gashi ne zalla, babu ruwansu da ji, mujiyoyi da yawa ma ba su da su. Kunnuwan gaskiya ramuka ne a gefen kai, gashin fuska ya rufe su. Faifan fuskar nan da ke sa ta yi kamar kullum tana cikin mamaki, gashi ne masu tauri a jere, suna tattaro sauti su zuba shi cikin ramin kunne, kamar yadda mutum ke kanga tafin hannu a bayan kunne in ana masa magana daga nesa.

Batun ɗaki mai duhu kuwa an gwada. Wani Ba'amurke mai suna Roger Payne ya fara gwajin tun yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1950, cikakken sakamakon ya fito a 1971. Ya toshe duk wata kafa da haske zai shiga ɗakin, ya shimfiɗa busassun ganye a ƙasa, ya sa mujiya mai fuskar zuciya a ciki, wadda masana ke kira Tyto alba. Da ta saba da wurin sai ya kashe fitila ya saki ɓera. Ɓera ya yi 'yar kwaramniyarsa cikin ganye, sai ga mujiya ta diro a kansa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Malam Habu: Ai sai a ce warinsa ta ji, ko ɗumin jikinsa. Akwai macizan da ke gano ɓera da ɗumi.

Malama Rabi: Shi ma wannan tunanin ya zo masa. Sai ya dunƙule takarda daidai girman ɓera, ya ɗaura mata zare ya riƙa jan ta cikin ganyen. Takarda ba ta da warin ɓera, ba ta da ɗumi, amma mujiya ta cafke ta. Ya kuma toshe mata kunne ɗaya, sai ta koma dira nesa da ɓeran. Kuma Malam, ido komai kyansa haske yake tattarawa. Inda hasken babu shi sam, idonta da naka duk ɗaya ne.

Abbakar: To Malama idanun fa? Ni su ne suka tsaya mini a rai.

Malama Rabi: Suna aiki sosai, don dare a waje ba ya zama baƙi ƙirin kamar ɗakin Payne, akwai taurari, akwai wata. Sai dai an zuzuta su fiye da kima. Graham Martin, wani masanin ganin tsuntsaye a Ingila, ya auna mafi ƙarancin hasken da wata mujiyar dazukan Turai, Strix aluco, ke iya gani a shekarun 1970, ya tarar ta fi mutum da kusan ninki biyu da rabi ne kacal. Wannan ba wani tazara ba ne, tsakanin mutum da mutum ma ana samun irinsa. Shi ya sa ya kawo dalili na uku bayan ido da kunne, wato sanin wuri. Wannan mujiyar takan zauna a yanki ɗaya shekara da shekaru, ta san kowane reshe, kamar yadda kake ratsa ɗakinka in an ɗauke wuta ba tare da ka yi karo da kujera ba.

Injiniya Nura: Bari in sa baki da ɗan lissafi, don abin da ya fi burge ni ke nan. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya. A ce tsakanin kunnuwanta biyu santimita 5 ne. In ɓera ya motsa a damanta sosai, sautin zai riga isa kunnen dama da kamar kashi 150 cikin miliyan na sakan. Wannan fa shi ne mafi girman bambancin. In ɓeran yana kusa da saitin gabanta, bambancin ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Da wannan ɗan tsiririn lokaci take gane hagu da dama. Abin da ban gane ba shi ne yadda take sanin sama da ƙasa, don lissafin lokaci ba zai ba ta wannan ba.

Malama Rabi: Injiniya ka taɓo inda ke mini daɗi. Kunnuwanta ba a layi ɗaya suke ba. A Tyto alba ramin hagu yana sama da na dama a kai, kuma yana kallon ƙasa, na dama yana ƙasa da shi yana kallon sama. Sautin da ya fito daga ƙasa ya fi ƙarfi a hagu, na sama ya fi ƙarfi a dama. Ka ga bambancin lokaci ya ba ta hagu da dama, bambancin ƙarfi ya ba ta sama da ƙasa. In ta haɗa biyun ta sami wuri guda tak.

A 1978 Eric Knudsen da Masakazu Konishi a cibiyar Caltech ta Kalifoniya suka sa siririyar waya cikin ƙwaƙwalwar mujiya, suna zagaya ƙaramar lasifika kewaye da kanta a ɗaki mai duhu. Sai suka ga kowace ƙwayar jijiya a wani sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwar ba ta amsawa sai sautin ya fito daga wani takamaiman wuri, maƙwabciyarta kuma tana amsa wa wurin da ke kusa da wancan. Wato taswirar sarari ce a shimfiɗe cikin kai, amma da sauti aka zana ta. Abin mamakin shi ne kunne ba ya karɓar hoto kamar yadda ido ke yi, ƙwaƙwalwa ce ke ƙirƙiro taswirar da lissafi. Tun 1948 wani masani, Lloyd Jeffress, ya yi hasashen yadda jijiyoyi za su iya auna irin wannan bambancin lokaci, ta hanyar wayoyi masu tsawo daban-daban da ke jinkirta saƙo. Sai bayan shekara 40 Catherine Carr da Konishi suka nuna ga su nan a ƙwaƙwalwar mujiya.

Malam Habu: Na ji. Amma ban yarda a mayar da ido ɗan rakiya ba.

Zulai: Baba Habu ni zan taya ka yaƙi, don na karanta wani abu da zai yi maka daɗi. Shi Knudsen ɗin da ya koma jami'ar Stanford ya riƙa ɗaura wa 'ya'yan mujiya tabarau. Wallahi tabarau na gaske, masu gilashin da ke karkatar da duk abin da aka gani da digiri 23 zuwa gefe. Da farko in sun ji sauti sai su juya inda yake, amma idonsu ya nuna musu abin a wani wuri. Bayan 'yan makonni sai taswirar kunnen ta gusa ta bi inda ido ya ce. Ba ido ne ya bi kunne ba, kunne ne ya bi ido. Manyan mujiyoyi kuwa da ƙyar suke gyarawa, sai dai waɗanda suka taɓa sa tabaran suna ƙanana, su kan sake sabawa.

Malam Habu: Yauwa 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ashe ido ne malami, kunne almajiri. Malama Rabi kin ji ko?

Malama Rabi: Na ji Malam, kuma gaskiya ne. Ido ne ke saita ma'aunin tun tana ƙarama. Amma in dare ya yi tsakiya almajirin ne ke fita nema.

Abbakar: Ke nan duk mujiyoyi haka kunnuwansu suke a karkace?

Malama Rabi: A'a. Mujiyoyi sun kai nau'i kusan 250, a dangi biyu, masu fuskar zuciya kamar nau'i 20, sauran duk a ɗaya dangin. Da yawansu kunnuwansu daidai suke. A Tyto alba karkacewar a fata da gashi take, ƙoƙon kan lafiya lau. Amma akwai wata ƙarama a dazukan arewacin duniya, Aegolius funereus, da ƙashin kanta kansa a karkace yake, in ka ga ƙwarangwal ɗin sai ka ce an taka shi. Wani masani ɗan Suwidin, Åke Norberg, ya kwatanta su a 1977 ya ce wannan tsari ya ɓullo a zuriyoyi daban-daban aƙalla sau 5, kowanne da irin fasalinsa.

Sadiya: Ni ta fuskar karatun likitanci abin ya shigo mini. Idon mujiya ba ƙwallo ba ne kamar namu, dogo ne kamar bututu, kuma zoben ƙashi ya riƙe shi, kusan ba ya juyawa. Dole kai ya yi aikin. Ƙashin wuyanta 14, namu 7, tana juya kai har digiri 270. Masu cewa tana zagayawa gaba ɗaya sun ƙara gishiri. Tambayar da ta dami likitoci ita ce me ya sa jijiyoyin jinin wuyanta ba sa yagewa, don mutum in aka fizge masa wuya haka zai iya samun shanyewar ɓarin jiki. A 2013 wasu masu bincike a jami'ar Johns Hopkins suka ɗura wa gawarwakin mujiyoyi ruwan da ke fitowa a hoton asibiti suka duba. Ramukan ƙashin da jijiyar ke bi sun fi ta faɗi kusan sau 10, tana da wurin motsawa, mu kuwa namu cif-cif suke. Kuma a gindin kai jijiyoyin suna iya buɗewa su tara jini na ɗan lokaci.

Wani kuma: a jami'ar Oldenburg ta Jamus an auna jin mujiyoyi matasa da tsofaffi a 2017, har da mai shekara 23, ba a ga jinsu ya ragu da tsufa ba. Tsuntsaye suna sabunta ƙwayoyin cikin kunne in sun lalace, mu namu in sun mutu shi ke nan.

Malam Habu: Wannan kam na yi mata hassada.

Injiniya Nura: To mu zo kan fiffike, don nan ne nake da ra'ayi. Tun 1934 wani matuƙin jirgi ɗan Birtaniya, R. R. Graham, ya lissafa abubuwa uku a fiffiken mujiya: haƙora kamar na matsefi a gaban gashin farko, geza mai laushi a bakin baya, da wani lallausan gashi kamar karan-miski a saman gashin. Ga kuma faɗin fiffike a kan jiki marar nauyi, wanda ke ba ta damar tafiya a hankali. Injiniyoyin jirgin ƙasan Japan mai gudun tsiya sun kwaikwayi haƙoran nan a sandar da ke ɗebo wuta daga waya a saman jirgin, don rage ƙara, a samfurin da ya fara aiki a 1997. Ni a ganina dalilin shirun a fili yake: kada ɓera ya ji tahowarta.

Malama Rabi: Ba a fili yake ba Injiniya. Akwai bayani na biyu: kada ita kanta ta toshe wa kanta kunne. Wanda ke bin sawun ƙaramar kwaramniya, in fukafukansa na fafafa a gefen kunnuwansa, ai ya ɓatar da abin da yake bi. Christopher Clark na jami'ar Kalifoniya ya yi rubutu a kan waɗannan bayanai biyu a 2020.

Injiniya Nura: Ina da hujja. Mujiyoyi masu kamun kifi, kamar babbar nan ta bakin kogunan Afirka, Scotopelia peli, kusan ba su da haƙoran nan, tashinsu da ƙara. Don me? Don kifi a cikin ruwa ba ya jin fiffike. Inda abin farauta ba ya ji, shirun ya tafi. Magana ta ƙare.

Malama Rabi: Ba ta ƙare ba. Mai kamun kifi da ido take farauta, ba ta sauraren kifi. Ke nan ko a nawa bayanin ba ta bukatar shiru. Misalinka ya dace da naka ya dace da nawa, don haka bai raba gardama ba. Ga wanda ya fi shi: babbar mujiya mai ruwan toka ta Kanada da arewacin Turai da Rasha, Strix nebulosa. Tana kama ɓeran da ke can ƙarƙashin dusar ƙanƙara mai kaurin da ya kusa rabin mita, ba ta ganinsa sam. Ƙanƙarar da ta rufe shi ta kuma rage masa jin abin da ke sama. Duk da haka tana cikin waɗanda suka fi kowa kayan shiru a fiffike, ga faifan fuska mafi girma. Wa take ɓoye wa? A 2022 Clark da abokan aikinsa suka binne lasifika cikin ƙanƙara a Manitoba, suka ga ƙanƙarar tana lanƙwasa sauti, ya zama kamar daga wani wuri yake fitowa, sai in kana daidai samansa. Ita kuwa abin da take yi ke nan, ta zo ta tsaya cak a iska tana kaɗa fiffike a saman wurin kafin ta faɗa. A wannan lokacin ne take bukatar kunnenta fiye da kowane lokaci.

Injiniya Nura: Wannan misalin ya yi ƙarfi, na karɓa. Amma a fili marar ƙanƙara ina nan kan bakana. Ɓera yana da kunne, kuma wanda ya ji ya tsere shi ne ke haihuwa.

Malama Rabi: Babu abin da ya hana duka biyun su yi aiki, gwargwadon nau'i da wurin zama.

Baba Ilu: Ina ta binku shiru. Tambayata ta asali ce. Mujiya 'yar uwar shirwa da gaggafa ce da ta koma aikin dare, ko kuwa 'yar uwar yautai ce da ta koyi kisa? Baki da farata irin na su shirwa, idanu da laushin gashi irin na yautai.

Malama Rabi: Baba, masana ma sun yi ta kai da kawowa a kan wannan. Har zuwa 1990 akwai babban aikin Sibley da Ahlquist da ya ajiye ta kusa da yautai. Da aka samu damar karanta ƙwayoyin gado gaba ɗaya, musamman aikin 2014 da ya kwatanta nau'in tsuntsaye 48, sai yautai ya yi nisa, ya koma wajen su tsattsewa. Mujiya ta faɗo cikin babban rukunin da ya haɗa su gaggafa da shirwa da ungulu, da kuma su cilakowa da maƙoƙofa. Kamarta da yautai kamar ma'aikata biyu ne da aikin dare ya sa suka yi shiga iri ɗaya. Abin dariyar ma, shahon nan da ake kira falkon ya fi kusa da aku a kan gaggafa.

Ta fuskar ƙasusuwan da suka zama dutse kuwa, mujiya tsohuwar zuriya ce. Akwai Ogygoptynx daga Kolorado, kusan shekara miliyan 60, wato ba da daɗewa ba bayan ƙarewar manyan dabbobin nan dainaso shekara miliyan 66 da suka wuce. A 2020 aka bayyana wata daga Wayomin, Primoptynx, mai shekara miliyan 55. Faratanta ba su yi daidai da juna ba kamar na mujiyar yau, na baya da na yatsa na biyu sun fi girma, irin na gaggafa. Masu binciken suka ce alama ce da ƙafa take kisa, alhali ta yau takan danne da ƙafa ta ƙarasa da baki.

Zulai: Ni wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta tsibirin Kuba, Ornimegalonyx, wadda ita ma ta shuɗe. Tsayinta ya kai kusan mita ɗaya, dogayen ƙafafu, ƙananan fukafukai, ana ganin yawanci a ƙasa take bin abin farauta. Ka yi tunanin haɗuwa da ita da magariba.

Baba Ilu: Allah ya kiyaye. To tun asali 'yan dare ne?

Malama Rabi: Abin da aka fi rinjaya a kai ke nan game da kakannin na yanzu, amma wasu sun komo rana daga baya. Zoben ƙashin ido da Sadiya ta ambata yana nuna girman kafar da haske ke shiga. A 2022 aka bayyana wata daga lardin Gansu na ƙasar Sin, Miosurnia diurna, mai fiye da shekara miliyan 6, zobenta ya nuna 'yar rana ce. Yau ma akwai masu farautar rana, kamar farar mujiyar yankin ƙanƙara, wadda a lokacin bazararsu rana ba ta faɗuwa ma balle ta jira dare.

Kuma sauyin bai tsaya a zamanin da ba. A Finlan, Strix aluco tana zuwa da launi biyu, toka da ƙasa-ƙasa, kuma gado ne. A hunturu mai yawan ƙanƙara masu launin ƙasa sun fi mutuwa. Patrik Karell da abokansa suka duba bayanan shekaru masu yawa, suka wallafa a 2011 cewa da hunturu ya yi ta sassautawa, masu launin ƙasa sun tashi daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa kusan rabi.

Sadiya: Akwai makamancinsa a Suwizalan. Tyto alba wasu cikinsu fari fat, wasu ja-ja. Hankali zai ce fara za ta sha wahala a daren farin wata tunda ana hango ta. Ƙungiyar Alexandre Roulin ta jami'ar Lozan ta nuna akasin haka a 2019: hasken da farin gashin ke mayarwa yana sa ɓera ya daskare a wuri ɗaya ya daɗe, sai ta ɗauke shi cikin sauƙi. Jajayen ne ke komawa gida da ƙarancin abinci a irin wannan dare.

Abbakar: Duk wannan ta yaya ake sanin abin da suke ci, tunda da dare suke yi?

Malama Rabi: Nan mujiya ta yi wa masu bincike gata. Takan haɗiye ƙaramin abin farauta ɗungurungum, ba ta da jakar ajiye abinci a wuya irin ta kaza, kuma ruwan cikinta bai kai na shaho tsami ba. Sai ƙundu ya matse gashi da ƙashi su zama curi, bayan wasu awoyi ta amayar. In ka jiƙa curin ka buɗe, ga ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa ƙalau, har ka gane nau'insa. A kogunan duwatsu inda mujiyoyi suka yi dubban shekaru suna kwana, irin waɗannan ƙasusuwa sun taru hawa-hawa. A kogon Wonderwerk na Afirka ta Kudu an yi amfani da su wajen gane lokutan da yankin ya yi ciyawa da lokutan da ya bushe, don kowane irin ɓera da wurin da yake so.

Da wannan ne aka san iyali ɗaya na Tyto alba kan ci ɓeraye dubbai a shekara. Shi ya sa manoma a Isra'ila tun 1983, daga baya Jodan, da gonakin kwakwar manja a Maleshiya, suke kafa musu akwatunan sheƙa. Matsalar ita ce gubar ɓera. Ɓeran da ya ci ba ya mutuwa nan take, yana yawo a galabaice kwana da kwanaki, shi ne kuma mafi sauƙin kamawa. A Birtaniya mafi yawan gawarwakin wannan mujiya da ake aunawa ana samun ragowar gubar a hantarsu.

Malam Habu: Tunda an zo kan kisa, ni akwai abin da na ji ya ɗaure mini kai. Wai a Amurka gwamnati za ta harbe mujiyoyi don ta ceci mujiyoyi?

Injiniya Nura: Gaskiya ne Malam. A dazukan arewa maso yammacin ƙasar akwai mai ɗige-ɗige, Strix occidentalis, wadda aka sa cikin jerin masu fuskantar barazana a 1990 saboda sare tsofaffin itatuwa. Sai 'yar uwarta mai ratsi-ratsi, Strix varia, wadda asalinta gabas ne, ta yi ta matsowa yamma cikin ƙarni na 20. Ta fi ta girma, ta fi ta faɗa, tana cin kusan komai, tana korarta daga sheƙa, har suna haɗuwa su haihu. A 2024 hukumar kula da kifaye da namun daji ta amince da shirin harbe har kusan 450,000 cikin shekara 30 a jihohin Washintan, Oregon da Kalifoniya.

Malam Habu: Subhanallahi. Mutum ya sare daji, tsuntsu ya biya. Ita mai ratsin da fiffikenta ta zo, ba a jirgi aka kawo ta ba. Wannan zalunci ne da aka sa wa rigar ilimi.

Malama Rabi: Ni ma ba ya mini daɗi, amma ba da ka aka yanke ba. An yi gwaji na shekaru: inda aka rage masu ratsin, yawan masu ɗigon ya daina faɗuwa, inda aka bar su ya ci gaba da zubewa. Kuma akwai masu ganin itatuwan da mutane suka dasa a filayen tsakiyar nahiyar ne suka zame mata gada. In haka ne, hannun mutum na ciki tun farko. In an naɗe hannu, nau'i guda zai iya shuɗewa daga yankin.

Zulai: Anti Rabi, to ranar da aka daina harbin fa? Ai za su sake cikowa. Shekara 30 ba ƙarshe ba ne, sai dai a yi ta yi har abada. An gudu ba a tsira ba.

Malama Rabi: Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu adawa ke kawowa, kuma masu goyon baya ma sun yarda ba za a kawar da ita gaba ɗaya ba. Burinsu a riƙe wasu yankuna ne kawai inda mai ɗigon za ta samu sarari.

Malam Habu: To ni ban gamsu ba, kuma ba zan gamsu ba. Na sallama muku rabin batun kunne. Wannan kam a'a.

Abbakar: Rabin batun kawai Baba? Ni da zan je in ba abokina haƙuri gobe, me zan ce masa?

Malam Habu: Ka ce masa ya ci, amma ka tambaye shi wa ya saita wa kunnen hanya. In bai san labarin tabarau ba, kun yi canjaras.

Baba Ilu: Malama Rabi, curin nan da kika ce, da ruwan zafi ake jiƙa shi ko na sanyi? Jikana ya tsinto guda biyu a gindin wata bishiya, ya hana ni sakat.

Malama Rabi: Ruwa mai ɗumi ya isa, Baba, kamar rabin awa. Ya sa safar hannu, ya yi amfani da tsinke, ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama, don akan samu ƙwayoyin cuta a ciki. Ya fara neman muƙamuƙi. In haƙoran gaba dogaye ne masu ruwan ɗorawa, sannan ga gibi kafin turame, ɓera ne. In kuwa ƙanana ne masu tsini a jere babu gibi, jaba ce.